Lasifika a Gaban Kwamiti

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin wankin babban asibiti kafin abin ya faru, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa ce mata ta maimaita magana don bai ji ba. A gaban idonta ma'aikata suna ce mata Gwaggo, in ta ba da baya su ce Lasifika. Ta san da sunan, bai taɓa hana ta barci ba.

Ɗakin wankin yana can ƙarshen asibitin, bayan kicin, inda masu dubiya ba sa kaiwa. Injinan wanki huɗu ne, kowanne ya fi mutum tsawo, na busarwa biyu, sai injin guga, wani dogon ƙarfe mai zafi da ke juyawa yana haɗiye zanen gado ta gaba yana fitar da shi a miƙe ta baya. In suka tashi gaba ɗaya har ƙasa rawa take yi. Wanda ke kusa da kai ba ya jin ka sai ka ɗaga murya, na nesa kuwa sai da hannu. A nan Gwaggo ta koyi magana. In tana son a kashe inji ta yanki iska da tafin hannu, in tana kiran mutum ta nuna shi da yatsa, in abu na gaggawa ne ta bugi teburin ninki. Ta shigo aikin da 'yar siririyar murya, mai kunyar haɗa ido da mutane. Injinan ne suka buɗe mata maƙogwaro, kuma ko ta koma gida ba ta iya rufe shi.

Mijinta tsohon direban motar kaya ne, mutum shiru-shiru, wanda ciwon baya ya zaunar da shi a gida. Yakan tsokane ta ya ce in tana ba da labari a falo gara a kwashe kofuna daga kan tebur tukuna. 'Ya'yansu uku. Babbar malamar sakandare ce, ita ke horar da ɗaliban da ke zuwa gasar muhawara, don haka kowa a gidan Malama yake ce mata, har uwar.

A wurin aiki kuwa Gwaggo tana da aminiya guda, wadda ake kira Mai Guga saboda shekara goma sha tara tana tsaye a bakin injin guga. Tare suke cin abincin rana a kan benci ɗaya, tare suke fita su jira mota.

Injin gugar yana da wani ƙarfen kariya a gabansa. In hannu ya matsa kusa ya taɓa shi, injin ya tsaya cak. Wata bakwai ƙarfen nan yana lalace. Injiniyan da ke kula da kayan aikin asibiti ya zo sau ɗaya ya duba, ya sa an ɗaure shi da waya don kada ya riƙa tsayar da injin ba dalili, ya ce za a kawo sabo. Gwaggo ta je ofishinsa sau huɗu, ta sa an rubuta a littafin ƙorafi sau biyu. Kullum amsar ɗaya ce: ana kan hanya.

Wata safiyar Talata bakin zane ya naɗe, Mai Guga ta kai hannu za ta warware, injin ya ja zanen ya ja hannun. Gwaggo ba ta ji ihun ba saboda ƙarar injina, fuskar ƙawarta ta hango. Ta tsallake kwandon kaya ta kai wa babban makunni duka, komai ya mutu. Sai da aka kwance ƙarfen kafin a zaro hannun. Yatsu uku suka tafi, tafin hannun kuma ya ƙone har sai da aka yi masa dashen fata.

Asibiti ya kafa kwamiti na mutum biyar. Ma'aikatan wanki suka ce Gwaggo ce za ta yi magana a madadinsu, don ita ta ga komai, ita kuma ba ta tsoron kowa.

Ɗakin taron yana hawa na uku, da darduma mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki. Shirun wurin ne ya fara damun ta, har kunnuwanta suka riƙa yi mata ƙara. Injiniya aka fara kira. Ya miƙe a hankali, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa, ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce tun ranar da abin ya faru bai yi barcin kirki ba. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya ɗago. Sannan ya buɗe tafukan hannunsa biyu kamar mai nuna ba ya ɓoye komai, ya ce ƙarfen kariyar lafiyarsa ƙalau, ma'aikatan wankin ne da kansu suka ɗaure shi da waya don injin ya daina tsayawa su gama da wuri su tafi gida. Littafin ƙorafi kuwa an neme shi ba a gani ba. Ya ce ba ya zargin kowa, yana tausaya musu ne, aikin da yawa. 'Yan kwamiti suna ta gyaɗa kai.

Gwaggo ba ta jira a kira ta ba. Ta miƙe har kujerarta ta faɗi baya.

"Ƙarya kake yi," ta ce, da muryar da take yi wa injina huɗu magana. "Ka shafa wa idonka toka a gaban manyan mutane kana ƙarya. Kai ka sa aka ɗaure shi, ina tsaye a wurin."

Yatsanta ya miƙe zuwa ga Injiniya, ya wuce ta gaban hancin shugaban kwamiti. Ta faɗi ranakun da ta je ofishinsa. Ta ce wayar jar waya ce, irin wadda babu ita ko'ina sai a ɗakin ajiyarsa, kuma da filaya aka murɗe ta, su kuwa ba su da filaya a ɗakin wanki. Duk ta faɗi wannan. Amma tana faɗa tana dukan tebur, gorar ruwa ta kife a kan takardu, wata mata a cikin kwamitin ta ja kujerarta baya ta rungume jakarta. Babu wanda ya rubuta komai. Idonsu yana kan hannuwanta. Injiniya ya zauna ya haɗa yatsunsa a kan tebur, yana kallon ta da fuskar tausayi, kamar likita da mai taɓin hankali.

Bayan mako biyu rahoto ya fito. An ce sakacin Mai Guga ne. Game da Gwaggo layi biyu aka rubuta: shaidarta ta zo cikin fushi da barazana, ba za a dogara da ita ba. Aka haɗa mata da takardar gargaɗi saboda rashin ɗa'a.

Ta dawo gida da la'asar ta cika ta yi fam. Ta tarar da Malama ta zo gaishe su. Gwaggo ba ta ko cire takalmi ba ta fara kwaikwaya musu yadda aka yi, ta yi muryar Injiniya, ta yi tata, ta nuna, ta buga. Mijinta, Direba, ya janye kofinsa a hankali.

Malama ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Umma, haka kika yi a gabansu?"

"Haka na yi. Ƙarya na faɗa?"

"Ba ki faɗi ƙarya ba. Amma ko ni ce a kujerar nan, ba zan ji abin da kike cewa ba. Hannunki zan yi ta kallo ina tunanin a kan wa zai sauka."

Gwaggo ta tsaya tana kallon ta. "Da hannun nan na yi miki wanki, da shi na ciyar da ke har kika zama malama. Yau shi ne abin kunya?"

"Ban ce abin kunya ba ne, Umma."

"Tashi ki tafi gidanki. Ki je ki koya wa yaran mutane yadda ake ɗora hannu a ƙirji a yi ƙarya."

Kwana biyar ba ta ɗaga wayar 'yarta ba. A wurin aiki ta riƙa jefa zannuwa cikin inji kamar da su take faɗa. Abin da ya fi ci mata rai, injin gugar yana nan yana aiki da wayarsa a ɗaure, an sa wata a bakinsa.

Ranar Asabar ta je duba Mai Guga. Ta same ta zaune a bakin gado tana kokawa da ɗankwali, hannu ɗaya da haƙori, ya ƙi ɗauruwa. Gwaggo ta karɓa ta ɗaura mata. Mai Guga ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin matashin kai. Za a sallame ta daga aiki a ƙarshen wata, tunda laifin nata ne.

"Ƙungiyar ma'aikata ta ɗaukaka ƙara zuwa hukumar asibitoci," in ji Mai Guga. "Sun ce za a sake zama. Sun ce ko a samo wani ya yi magana."

"Wa ya ce?"

"Sakatare. Ya ce ke kin cika zafi. Ni dai na ce ke nake so. Babu wanda ya gani sai ke. Amma Gwaggo, don Allah, wannan karon ki bari su ji."

Gwaggo ta mayar mata da takardar. Daga can ba ta koma gida ba, gidan Malama ta wuce. Ta shiga, ta zauna, ta amsa gaisuwa a daƙile, ta ce, "To, gani. Koya min munafuncin."

Kwana goma suka yi, kullum bayan ta tashi aiki. Malama ta jera kujeru biyar a falo ta ɗora wa kowacce matashin kai. Aka kawo Direba ya zauna a gefe ya zama Injiniya, ya ɗora hannu a ƙirji yana lumshe ido, har Gwaggo ta ce in ya ƙara yin fuskar nan zai kwana da yunwa.

"Ki kafa ƙafafunki wuri ɗaya," in ji Malama. "Kada ki matsa gaba, in kin matsa gani suke kin taso musu. Ki kalli mutum ɗaya ki gama jimla, sannan ki koma kan na gaba. In kin faɗi abu mai nauyi ki yi shiru, ki ƙirga uku a zuci."

"In na yi shiru ai sai su ɗauka na gama."

"Ba za su ɗauka ba. Shirun ne zai sa su ɗago kai. Kuma kada ki nuna mutum da yatsa. In dole ne ki nuna, ki nuna abu."

"Shi ma ai abu ne."

Muryar ba ta ba su wahala sosai ba. Da Gwaggo ta yi abin da a wurinta raɗa ne, sai ya zama daidai maganar sauran mutane. Hannuwan ne suka ƙi. Ta sa su a baya, suka fito. Ta haɗa su a gaba, da ta kai kan maganar waya sai yatsan ya miƙe da kansa ya nufi mijinta. Rana ta huɗu ta yi tsaki ta ɗauki jakarta.

"Ni ba zan iya ba. Mutum ya cinye yatsun mace uku, ni kuma ana koya min inda zan ajiye nawa. Wace irin duniya ce wannan, da sai gaskiya ta yi ladabi kafin a saurare ta?"

"Irin wadda muke ciki ce, Umma. Ni ma ba na son ta."

Malama ta shiga ɗaki ta fito da zanen gado ta miƙa mata. Ta ce ta riƙe ta sake farawa. Gwaggo ta karɓa tana harara. Sai ga hannuwan sun sami abin da suka sani, suna lalubar bakin zane, suna daidaita kusurwa, bakin kuma yana ta magana a natse. Direba ya manta shi Injiniya ne, ya ce, "Ke, ashe haka abin ya faru?" Sau goma ya ji labarin, sai ranar ya fahimce shi. Wannan ma ya ƙara ɓata mata rai.

Zama na biyu a wani ginin aka yi, mutum bakwai, shugabarsu wata dattijuwar likita mai tabarau. Injiniya ya sake yin nasa, bai canza komai ba, hannu a ƙirji, shiru, tafuka a buɗe. Gwaggo ta zauna, ta danne zanen da ke ninke a cinyarta har gaɓoɓin yatsunta suka yi ciwo. Ta jira sai da aka kira ta.

Ta miƙe, ta kafa ƙafa, ta gaishe su. Ta faɗi shekarunta a aiki. Ta warware zanen ta roƙi ɗaya daga cikinsu ya riƙe mata ɗaya bakin, don mutum biyu ne ke ciyar da injin guga. Wani mai furfura ya taso yana murmushi ya riƙe. Ta ce su ɗauka bakin tebur shi ne ƙarfen mai zafi. Ta shimfiɗa zanen, ta tura shi a hankali da tafin hannu, kamar yadda ake yi sau ɗari a rana.

"In ƙarfen kariya yana aiki, a nan hannu yake tsayawa," ta ce, ta tsayar da hannun. Sannan ta ci gaba da tura shi, har yatsunta uku suka ɓace a bayan bakin teburin. "Nata a nan ya tsaya."

Ta yi shiru. Ta ƙirga uku, ta ƙara biyu na kanta. Mai furfura ya daina murmushi, ya saki zanen yana duban nasa hannun.

Ta kalli shugabar. "Ranki ya daɗe, an ce mu muka ɗaure shi. Wayar ja ce. A duk asibitin babu jar waya sai a ɗakin ajiyar masu gyara, kuma makullin yana wurin mutum ɗaya. Da filaya aka murɗe ta. Mu sabulu muke da shi da kwando. Har yanzu tana nan a jikin injin, a aika a duba."

Sai a lokacin ta juya ta dubi Injiniya. Ba ta nuna shi ba, ba ta ce masa komai ba. Ya gyara wuyan rigarsa, ya duba wayar salularsa, ya mayar aljihu. Hannuwan nan masu buɗewa suka sauka ƙarƙashin tebur. Shugabar ta dube shi ta saman tabarau, ta tambaye shi wa ke riƙe da makullin. Ya fara amsa, ya tsaya, ya sake farawa daga wani wuri dabam. Alƙaluma bakwai suna ta rubutu. A ranar aka tura mutum biyu su je su ga injin.

Da aka tashi, shugabar ta tsayar da Gwaggo a bakin ƙofa ta dafa kafaɗarta. "Mama, kin burge ni. Na karanta rahoton farko, na zaci wata za mu gani dabam. Da haka kika yi magana tun farko, ai da ba a kai nan ba."

Malama, wadda ke jira a waje, ta ga wuyan uwarta ya kumbura, ta runtse ido.

Gwaggo ta ninke zanen gida huɗu kafin ta amsa, kuma muryar ba ta tashi ba. "Ranki ya daɗe, abin da na faɗa yau shi na faɗa wancan karon, ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Yatsun nata uku ne a ranar, uku ne yau. Wata biyu injin nan yana aiki da wayar a jikinsa, da wata mace a bakinsa, saboda ba a son yadda na riƙe hannuna. Wannan ma a rubuta."

Shugabar ta sauke hannunta daga kafaɗar. Ba a rubuta ba.

An soke sallamar Mai Guga, aka mayar da ita ɗakin rarraba zannuwa, inda hannu ɗaya da rabi ke iya aiki. Ƙarfen kariyar da aka yi wata tara ana jira, wani mai gyara ya canza shi kafin a tashi cin abincin rana. Injiniya kuwa aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani asibiti, babu ko takardar gargaɗi. Tata takardar sai da ta hau hawa na uku sau huɗu kafin a cire ta daga fayil ɗinta.

Ta ƙara shekara huɗu a ɗakin wanki ta yi ritaya. Tun kafin ta bar aiki labari ya bazu, masu shara da masu tura gado da 'yan kicin suka fara zuwa wurinta in za su tsaya gaban kwamiti. Har yanzu suna zuwa, har gida. Takan zaunar da mutum a falo ta ce ya fara faɗa mata komai yadda yake a ransa, da ihun da zagin, ta saurara ba ta katse shi. In ya gama ta ce, "Duk gaskiya ne. Yanzu tashi in nuna maka yadda za ka tsaya, don su can ido suke da shi, kunnen bai cika aiki ba." Tana koyarwa tana ƙwafa. Malama ta ce uwar ta fi ta iyawa yanzu, ita kuwa ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin yabo ba.

Bara wata mai shara ta zo mata da labari. Ta je wani taron horar da sababbin ma'aikata a ɗaya asibitin, kan yadda za su kare kansu daga haɗarin injina. Ta ce wanda ya yi jawabin ya iya magana ƙwarai, har mutane suka yi masa tafi a tsaye. Da ta kwatanta shi, Gwaggo ta gane Injiniya ne.

Ta tambayi ranar da zai sake yin wani. Mai sharar ta ce farkon wata mai zuwa. Direba, daga kan kujerarsa, ya ce mata don Allah ta bari, ta tsufa da wannan. Ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki waya ta kira Mai Guga ta ce ta nemi hutun ranar, za su je su zauna a layin gaba.